Gina ƙaramin samfurin jirgin tudu-da-gangare na katako: tambayoyi da amsoshi

Tun da mutane suka fara leƙa abin da ke kan teburin zaurena, tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke dawowa. Wasu daga ɗalibai masu aikin makaranta, wasu daga kafintoci, wasu kuma daga iyayen da yaransu suka gani suka hana su sakat. Ga su nan na tattara, da amsar da nakan bayar.

Wai mene ne ma wannan jirgin, kuma me ya sa sai na katako?

Shi ne lilon nan na manyan wuraren shaƙatawa da Turawa ke kira rola-kosta. Taragu ne a jere a kan dogo, sarƙa ta ja su zuwa ƙololuwar tudun farko, ta sake su. Daga nan babu inji, babu direba. Tsayin da suka hau shi ne jarinsu, shi za su yi ta ci har su dawo tasha.

Asalinsa daga Rasha ne, inda tun ƙarni na 17 ake kafa dogayen dandamali na katako a lulluɓe su da ƙanƙara ana zamiya a kai. Shi ya sa har gobe Faransawa ke ce masa duwatsun Rasha. A 1884 wani Ba'amurke mai suna LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island da ke birnin Niyok, daga nan abin ya bazu a Amurka. Na bututun ƙarfe bai fito ba sai 1959, a Disneyland.

Dalilin zaɓar na katako kuwa, ido ne. Na ƙarfe layi ne siriri a kan ginshiƙai ƙalilan. Na katako daji ne guda na sanduna, wannan ta gitta wannan, kamar saƙar asabari. Ko tarago bai motsa ba, ginin kansa abin kallo ne. Wani abu da yawanci ba a sani ba: dogon ne ke sa a kira shi na katako, ba ƙafafun ba. Cyclone na Coney Island, wanda aka buɗe a 1927, ƙafafunsa ƙarfe ne, amma a cikin na katako ake lissafa shi.

Na kallo zan gina ko mai tafiya?

Ka yanke wannan tun kafin ka sayi ko tsinke ɗaya, domin ayyuka biyu ne dabam. Na kallo aikin haƙuri ne: ka auna, ka yanka, ka manna, ka kwaikwayi na gaske daidai wa daida. Mai tafiya kuwa rigima ce da ƙasa da gogayya, kuma dole ka saɓa wa na gaske a wurare da dama kafin ya yarda ya zagayo. Wanda ya ce zai haɗa biyun a karon farko, yawanci yakan ƙare da kyakkyawan gini da taragon da ke tsayawa a gangare na uku. Yawancin amsoshin nan na mai tafiya ne, don a nan wahalar take.

Wane ma'auni ya fi?

Ma'auni shi ne sau nawa ka rage girman na gaske. Biyu ne suka fi yawa a hannun masu wannan sha'awa: ɗaya bisa 87, wanda masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ke amfani da shi, da ɗaya bisa 48.

Mu ɗauki Cyclone. Tsayinsa kimanin mita 26, tsawon dogonsa ya ɗan haura mita 800. A ɗaya bisa 87 tsayin zai dawo santimita 30, dogon kuma mita tara da ɗoriya a nannaɗe. A ɗaya bisa 48 tsayin santimita 54 ne, dogon kusan mita 17. Kada ma ka yi mafarkin The Beast na jihar Ohio, wanda aka buɗe a 1979: dogonsa ya haura kilomita biyu, a ɗaya bisa 48 kana neman mita arba'in da wani abu, sai dai ka tashi mutanen gidan.

Ni ɗaya bisa 48 nake so, don dalili biyu. Na farko, lissafinsa sauƙi ne ga mai aiki da tef ɗin inci: kwatan inci ɗaya shi ne ƙafa ɗaya. Na biyu, kayan da ke hannunmu sun dace da shi. Tsinken ashana kaurinsa wajen milimita biyu ne, wato daidai da katakon fo-bai-fo ke nan. Tu-bai-fo kuma zai dawo milimita ɗaya da biyu. Ga kuma babban dalili ga mai son ya ga tafiya: gwargwadon ƙanƙantar samfuri, gwargwadon taurin kansa. Shawarata, kada ka kwaikwayi wani sananne gaba ɗaya. Ka zana naka gajere, tudu uku ko huɗu da kwana (wato lanƙwasa) guda biyu, dogo mita huɗu zuwa biyar.

Ba ni da balsa. Da me zan yi?

Ba ka yi asara ba. Balsa, wato farin katakon nan marar nauyi da ɗaliban zanen gine-gine ke amfani da shi, yana yankuwa kamar sabulu, amma laushinsa ya yi yawa ga ginin da zai riƙa shan jijjiga. Tsinken tsire na gora ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, aibinsa kawai zagayayye ne, gam ba ya samun wurin kamawa sai ka ɗan goge gefen da sanfefa. Sandar askirim mai faɗi tana tsaguwa gida uku da reza ta ba ka tsinke mai kusurwa. Mafi kyau duka, ka je wurin kafinta mai injin yanka ya fere maka ragowar farin katako siriri-siriri. Ka zaɓi busasshe, marar gaɓa.

Duk wanda ya yi motar kara yana yaro ya riga ya san rabin aikin: yadda ake soke totuwa da ɓawon kara, yadda ake daidaita taya kada ta yi gefe. Ina amfani da kara wajen gwajin siffa, amma ban da ginin gaske, don yana motsewa.

Sauran kaya: farin gam na kafinta, gam mai saurin kamawa ɗan kaɗan, reza ko wuƙar yankan kwali, rula ta ƙarfe, sanfefa, allurai masu kai, matsin shanya, da faifan filawud mai kauri wanda zai zama ƙasa.

Daga ina ake farawa?

Daga dogo, ba daga gini ba. A nan na ci tuwon wahala, don haka bari in tsaya.

Samfurina na farko na yi wata biyu ina haɗa ƙafafu, na manne su a faifai, na shimfiɗa dogo, na kira yara su zo su gani. Na saki tarago, ya gangara da gudu har da 'yar ƙara, ya haye tudu na biyu, ya kai kamar yatsa biyu kafin ƙololuwa, ya tsaya, ya dawo da baya, ya yi ta lilo a cikin kwari har ya kwanta. Ƙaramin cikinsu ya ce, “Baba, mai ne ya ƙare?” Don in rage wa tudun nan santimita huɗu sai da na ɓalle firam, wato jerin ƙafafun da ke ɗauke da dogo, har goma sha ɗaya.

Abin da ya kamata in yi shi ne wannan. Ka fara haɗa tarago. Sannan ka yi dogon wucin gadi, ka ɗora shi a kan littattafai, gwangwanaye da guntayen kwali, ka matse da matsin shanya. Ka saki tarago sau ashirin, sau talatin, kana ɗaga nan kana sauke can, har ya riƙa zagayowa kowane karo da ragowar gudu. Sai a lokacin za ka ɗauki rula ka auna tsayin dogon daga faifai, duk bayan santimita biyar ko shida, ka rubuta. Wannan jerin lambobi shi ne taswirarka. Mai kwamfuta zai iya zana layin a manhaja irin su NoLimits don ya ga siffa, amma manhajar lissafin babban jirgi take yi, ba ta san ƙurar teburinka ba.

Ya ake haɗa ƙafafun su fito iri ɗaya?

Ginin na gaske jerin firam ne a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Kowane firam yana da ginshiƙai biyu, da sanduna a kwance masu haɗa su hawa-hawa, da tokari a karkace, sai katako mai kauri a sama wanda dogo ke kwanciya a kai. Ni matashi nake ce masa. Dogayen sanduna kuma su bi ta gefe su ɗaure firam da firam.

Sirrin shi ne mazubi, kamar na mai buga bulo. Ka zana firam mafi tsayi a takarda, ka manna a kan allo, ka rufe da farar leda don kada gam ya kama takardar, ka kafa allurai ko guntayen katako a gefen layukan. Kowane firam a cikin mazubin nan za a haɗa shi, tsayi kawai ke bambanta. Dogo mai mita biyar yana cin firam wajen casa'in. Da ido kaɗai ba za ka yi casa'in iri ɗaya ba, ko kai wane ne.

Kada ka manna matashin tun a mazubi. Ka bar ginshiƙan su ɗan zarce, ka kafa firam a faifai, ka matse matashi da matsi, ka gwada tarago, sannan ka sa gam ka yanke abin da ya yi saura. Tokarin karkace kuma ba ado ba ne. Murabba'i yana lanƙwashewa idan an tura shi, mai kusurwa uku ba ya yi.

Shi dogon fa, da me ake yin sa?

A na gaske, alluna ake jerawa hawa-hawa, wajen bakwai ko takwas, ana lanƙwasa su ana bugawa da ƙusa, na saman biyu su fi faɗi su ɗan leƙo ciki, sannan a shimfiɗa siririn ƙarfe a inda taya ke bi. Dabarar ita ce katako mai kauri ba ya lanƙwasuwa, siriri kuwa yana yi, idan kuma aka manne sirara da yawa a lanƙwashe sai su riƙe siffar.

Haka za ka yi, amma hawa uku ya isa. Ka jiƙa siraran katakon a ruwan zafi, ka lanƙwasa, ka bari su bushe a matse kafin ka sa gam. Mahaɗin hawa ɗaya kada ya faɗo a kan mahaɗin na ƙasansa. A saman, inda taya za ta bi, ka shimfiɗa abu mai santsi: siririyar roba mai tauri, ko wayar tagulla da aka miƙe. Ka yanka ɗan katako daidai faɗin tsakanin layin biyu, kana tura shi gaba kana mannawa. Rabin milimita idan ya kauce, a ma'auninmu ya kai kusan inci guda a na gaske.

Ka bi kowane mahaɗi da farcenka. Idan farce ya ji shi, taya ma za ta ji.

Me ya sa nawa yake tsayawa a hanya, alhali na bi ma'aunin na gaske?

Don nauyi ba ya raguwa yadda tsayi ke raguwa. Idan ka rage tsawo sau 48, ka rage faɗi sau 48, ka rage tsayi sau 48, nauyi ya ragu sau 48 sau 48 sau 48, wato sama da sau dubu ɗari da goma. Tarago mai tan guda zai dawo giram tara. Su kuwa abubuwan da ke riƙe shi, danƙon mai a cikin taya, ƙwayar ƙura, ɗan tudun gam da ya bushe a kan dogo, ba su ragu haka ba. Ƙwayar yashi a gaban tayarka kamar dutse ce a gaban babban jirgi.

Magani uku ne, kuma duka ake haɗawa. Ka ƙara wa tarago nauyi, ka sa shi can ƙasa kusa da tayoyi, ba a sama ba. Noti da washa sun wadatar. Wasu na narka dalma, ni ban yarda da ita a gidan da ke da yara ba. Abin da gubarta ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya isa darasi. Sannan ka gyara tayoyi. Ƙananan boris na cikin matacciyar fankar kwamfuta suna da kyau, amma ka wanke girishin cikinsu da kananzir, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya tak. Girishin da ke taimakon fanka shi ke kashe gudun tarago. Na uku, ka sassauta tuddan. A nawa, tudu na biyu ba ya wuce kashi biyu cikin uku na na farko, kowane na gaba kuma ƙasa da wanda ya gabace shi sosai. Kwana tana cin gudu fiye da miƙaƙƙen layi, don haka ka buɗa ta gwargwadon faɗin faifanka.

Taragu uku a haɗe sun fi ɗaya tafiya, muddin mahaɗinsu yana juyawa sama da ƙasa da gefe ba tare da ya cije ba.

Nawa yana zagayowa, amma kamar walƙiya. Ya zan rage masa gudu?

Ba za ka iya ba, kuma ba laifinka ba ne. Ka rage girman komai, amma ba ka rage jan ƙasa ba. Abin da ya faɗo daga mita 26, a lissafin takarda, yana kaiwa wajen kilomita 80 a awa. Da gudu yana bin ma'auni, da naka zai yi ƙasa da kilomita biyu a awa. Amma abin da ya faɗo daga rabin mita yana yin wajen kilomita 11. Shi ya sa a ɗaya bisa 48 ido ke ganin kamar an ninka saurin kusan sau bakwai: tafiyar minti guda sai ta ƙare cikin daƙiƙa tara.

Idan ka sa masa birki don ya yi a hankali, ba zai haye tudu ba. Abin da ake yi shi ne a ɗauke shi bidiyo da waya a tsarin tafiyar hawainiya. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, idan ta nuna su talatin-talatin, ta rage saurin sau takwas. Ka ajiye wayar a ƙasa daidai gindin gini. Ranar da na fara ganin nawa haka, sai da na maimaita kallo sau biyar.

Yana tashi daga dogo a kan tudu, ko ya kife a kwana.

Manyan ma sun sha wannan. Na dauri tayoyinsu a saman dogo kawai suke, da wasu a gefe, shi ya sa ba sa iya gudu sosai. Leap-The-Dips na jihar Pennsylvania, wanda aka gina a 1902, irin wannan ne. Scenic Railway na Melbourne a Ostareliya, na 1912, da na lambun Tivoli a Kopenhagen, na 1914, mai birki ne ke hawa tare da fasinja yana rage gudu da hannu. A 1919 wani mai ƙera irin waɗannan jirage, John Miller, ya yi rajistar dabarar sa taya ta uku a ƙarƙashin dogo, mai hana tarago tashi, kuma ita ta buɗe ƙofar gangare masu tsananin tsayuwa. Leƙowar allunan saman nan da na ambata, wurin kamun wannan taya ne.

A samfuri ba sai ka sa taya ta uku ba. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin leɓen dogo, ba tare da ya taɓa shi ba sai in tarago ya ɗaga, ya isa. Ka kuma duba siffar tudun. Idan kansa ya yi tsini, tarago zai yi tsalle. Siffar da ta dace ita ce irin wadda ruwa ke yi idan ya fito daga bakin tiyo a karkace. A kwana kuma ka ɗaga layin waje ya fi na ciki, kuma karkatar ta shigo sannu a hankali tun kafin kwanar, ba farat ɗaya ba.

Me zai ja shi zuwa sama?

Ƙaramar mota, wato ɗan injin lantarki mai giyar rage gudu, irin mai aiki da cajar waya ko batir, mai juyawa a hankali. Idan ba ka samu siririyar sarƙa ba, igiya mai ƙarfi da aka ƙulla mata ƙulli duk bayan 'yan santimita tana aiki: ƙugiyar da ke ƙasan tarago ta kama ƙulli, igiya ta ja. Ka bar jan ya ɗan wuce ƙololuwa kafin ya saki. Wasu na ciro motar da ke juya faranti a na'urar ɗumama abinci. Saurinta ya dace, amma da yawansu kai tsaye suke shan wutar gida, don haka ban ba ɗalibi shawararta ba.

Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawa ba ta sarƙa ba ce. Wani harshen ƙarfe ne a ƙasan tarago yake tsallake haƙoran da aka jera a gefen dogo, don in sarƙa ta tsinke kada jirgi ya koma baya. In kana son ƙarar, ka manna robar nan mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, ka sa ɗan harshen roba ya riƙa goga ta. A kan hawa kaɗai, inda mota ce ke biyan kuɗin gogayyar.

Ya yi aiki da damina, da hunturu ya zo ya ƙi. Me ya faru?

Katako yana sha yana kumbura, yana bushewa yana motsewa. Faifan ƙasa ne ya fi yin ɓarna: in ya ɗan bankare, duk tuddanka sun canja. Ka buga masa firam ta ƙasa, ka shafe shi da banish gaba da baya, ba fuska ɗaya ba. Sai ƙurar hunturu, wadda kwana biyu ya ishe ta ta tsayar da jirgi. Ka rufe shi da zane mai laushi, ka goge dogo da auduga kafin kowane gwaji. Kada ka ajiye shi a ƙasa ko jingine da bangon ƙasa, gara ba ta san wahalar da ka sha ba.

Fenti fa?

Fari ne na gargajiya, da ja a kan makarin gefe. In kana son launin tsohon katako, ka tsoma tsinkayen a ruwan shayi mai kauri ka shanya. Amma kafin haɗawa, don inda farin gam ya taɓa ba ya karɓar launi, sai ginin ya fito dabbare-dabbare. Saman dogo kuwa kada fenti ya kusance shi.

Zan iya sa masa zobe, ya juya da mutane kai ƙasa?

An gwada a na gaske. Son of Beast, a wurin shaƙatawa ɗaya da The Beast, ya buɗe a 2000 da zobe, daga baya aka cire zoben, a 2012 aka rushe jirgin gaba ɗaya. A tebur zobe yana cinye gudun da za ka yi tudu uku da shi. Ka bar shi sai samfuri na biyu.

Wata nawa zai ci, kuma yaro zai iya?

Mai yin awa ɗaya ko biyu da dare ya sa ran wata uku zuwa huɗu a kan ɗan madaidaici. Firam biyar a zama ɗaya ba laifi, don gam yana son a bar shi ya kwana. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya aikin mazubi da sanfefa da gwajin tarago, har ma ya fi babba haƙurin sakin tarago sau hamsin. Reza da gam mai saurin kamawa da duk abin da ya shafi wuta su zauna a hannun babba. In aikin makaranta ne mai wa'adin mako biyu, ku yi tudu ɗaya da gangare ɗaya da kwana ɗaya, ku saki tarago da hannu, ku bar mota.